Tambaya da Amsa: Asalin Ƙananan Ƙauyuka da Halinsu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina neman bayani a kan asalin ƙananan ƙauyuka, da dalilin da ya sa wasu ke shafe ɗaruruwan shekaru ba su bunƙasa ba, wasu kuma su watse su zama kufai. Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Noma ne ya haifi ƙauye. Da ɗan Adam ya fara shuka da kiwo a Gabas ta Tsakiya, kimanin shekara 11,000 da suka wuce, sai zama wuri ɗaya ya zame masa dole, domin wanda ya yi shuka ba ya tafiya sai ya girbe, wanda ya girbe kuma sai ya tsaya gadin rumbunsa. Ruwa ne ke zaɓar wurin, kamar yadda aka gani a Yariko ta ƙasar Falasɗinu, ɗaya daga cikin tsofaffin matsugunan duniya, wadda aka kafa a bakin wani marmaro.

Game da rashin bunƙasa, a ganina babban dalili shi ne tazarar da ke tsakanin gida da gona. Muddin manomi da ƙafa yake zuwa aiki, to akwai iyakar nisan da zai iya takawa ya yi noma ya dawo kafin rana ta faɗi, saboda haka idan jama'a suka yi yawa har gonakin kusa suka ƙare, sai wasu su tashi su sari sabon wuri. Ta haka ƙauye ke haifar wani ƙauyen maimakon ya zama birni. Wanda ya girma kuwa, galibi kasuwa ce ko babbar hanya ko tashar jirgi ta ɗaga shi. Wannan ƙarancin jama'a shi ne tushen halin ƙauye, inda kowa ya san kowa har kakanninsa, abin da ke kawo taimakon juna da jin kunya, amma kuma yake hana sirri ya ɓoyu.

Watsewa tana da dalilai masu ban tausayi. A Ingila annobar da ta ɓarke a 1348 ta hallaka aƙalla kashi ɗaya cikin uku na jama'a, daga baya kuma masu filaye suka kori manoma don su mayar da gonaki makiyayar tumaki. A Tanzaniya, gwamnatin Julius Nyerere ta tara miliyoyin mutane a ƙauyukan Ujamaa, wato ƙauyukan noman haɗin gwiwa, a shekarun 1970 da nufin kusantar da su ga makaranta da asibiti, sai dai an zaunar da wasu nesa da gonakinsu, noma ya ja baya. A yau ƙaurar matasa ce ta fi cin ƙauyuka, kuma a ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, tun wajen 2007 mazauna birane suka zarce mazauna karkara yawa.