Fanalbita ya ɓata min fenda kuma ya riƙe mota: in kai shi wajen 'yan sanda?

Tambaya: Barista, ina da tsohuwar Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da nake shiga gona da ita. Wanda na saya a hannunsa ya sa mata manyan tayoyi, ya yanke fendojin gaba ya faɗaɗa su da ƙarfe don taya ta samu wuri. Da tsatsa ta ci su, sai na kai wa wani fanalbita a nan Kano, na ce ya gyara su dawo daidai, na ba shi rabin kuɗi. Shi kuma ya cire su, ya sayo irin na kamfani a Ƙofar Ruwa ya ɗaura, ya yi fenti. Yanzu da an karya sitiyari sai taya ta riƙa gogar fenda. Na ce ba zan cika kuɗi ba, ya ce mota ba za ta fita ba. Tsofaffin ma ya ce bai san inda yaransa suka kai su ba. So nake in sa a kama shi, ko in je da ɗaya makullin in ɗauke motata.

Amsa: Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Bakinka kaɗai na ji, ban ji nasa ba, ban kuma ga motar ba, don haka duk abin da zan faɗa yana kan yadda ka kawo maganar ne.

Hanyoyin nan biyu da ka ambata, ban ba ka shawarar ko ɗaya ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma abin da ke tsakaninku yarjejeniyar aiki ce. Na san ana yi, ana kai makaniki caji ofis a tsorata shi. Amma idan ya samu lauya, yana iya shigar da ƙarar take haƙƙinsa, kuma sunanka zai fito tare da na waɗanda suka tsare shi. Inda maganar za ta iya komawa laifi shi ne idan aka tabbatar ya sayar da tsofaffin fendojin ya ci kuɗin da gangan, wannan ana iya kallonsa a matsayin cin amana. Ɓacewa a gareji ba lallai ta kai nan ba.

Batun makulli ya fi damuna. Kana ganin tunda motarka ce, takardu da sunanka, babu wanda ya isa ya riƙe ta. Ba haka doka ta ɗauki abin ba. A ƙa'ida, mai sana'ar da ya yi aiki a kan kayan mutum yana da damar riƙe kayan har a biya shi ladan wannan aikin. Iyakarta riƙewa: ba ta ba shi ikon sayar da motar, ko hawanta, ko cire mata wani abu ba, kuma galibi ba ta ba shi damar ɗora maka kuɗin ajiya a kan kwanakin da shi ya zaɓi riƙe ta ba. Ko yana da wannan dama a nan, ya danganta da ko aikin da ya yi shi aka sa shi, kuma wannan ai shi ne abin da kuke jayayya a kai. Kafin a warware, in ka shiga garejinsa da dare ka tayar da mota, kai da ke da ƙorafi kana iya wayar gari kai ake ƙara.

To, me aka sa shi? A nan nake jin ƙafarka ba ta tsaya yadda kake zato ba. Ka ce masa su dawo daidai. A wajenka, yadda suke kafin tsatsa. Shi zai ce yadda kamfani ya ƙera su. Babu rubutu, ban kuma ji ka ambaci shaida ba. Idan kotun shari'ar Musulunci kuka je, a fikihun Malikiyya in aka saɓa kan siffar aikin da aka yi umarni da shi, sau da yawa maganar mai sana'a ake ɗauka tare da rantsuwarsa, matuƙar abin da ya faɗa ya yi kama da gaskiya.

Wannan bai wanke shi ba. Mutumin da ya ce gyaran bodi sana'arsa ce, ya ga mota a kan manyan tayoyi, ya ga an yanke bakin fenda an naɗe shi an yi walda, ya san ba don ado aka yi ba. Karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, da duba tazarar da za ta rage in an yi lodi, aikin 'yan mintuna ne kafin a kai ga fenti. Kiran waya ɗaya ya ce “Alhaji, zan canja su ne gaba ɗaya” da ya wadatar. Dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya, ta 2018, ta ba wanda aka yi wa aiki damar neman a gyara aibin, ko a mayar masa da wani kaso na kuɗin gwargwadon abin da ya gaza. Ka lura, kaso ne, da wuya a ce duka, tunda ya sayi kaya ya yi fenti. Tsofaffin fendojin kuwa naka ne. Malikiyya na ɗora wa mai sana'a lamunin abin da aka bar masa a hannu, kuma “yarana ne” ba amsa ba ce. Sai dai ƙimarsu za a duba a ranar da ka kai su, da tsatsarsu, ba kuɗin sababbi ba.

Kotu a buɗe take. Za a fara da takardar neman haƙƙi kamar yadda aka saba, sannan ƙara. Akwai kotunan ƙananan da'awowi da aka buɗe a Kano a 2019, amma sun fi dacewa da bashin da adadinsa ya fito fili, naka kuwa diyya ce da sai an ƙiyasta. Duk tsawon shari'ar kuma mai yiwuwa motar na zaune a rana, batir na mutuwa, damina na wucewa.

Ni sulhu zan fara nema. Ka je wajen shugabannin makanikai na layin da garejin yake, yawancinsu suna ƙarƙashin NATA, ƙungiyar makanikan mota ta ƙasa, kuma mai sana'a ya fi jin nauyin dattawan sana'arsa fiye da takardar lauya. A kira wani fanalbita da ku biyu kuka yarda da shi, a karya sitiyari a gaban kowa, ya faɗi nawa za a kashe a yanke sababbin fendojin a faɗaɗa su. A cire wannan da ƙimar tsofaffin daga cikon da yake binka. In hakan bai yiwu ba, akwai cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Jiha da ke aiki tun 2009, inda abin da aka sa wa hannu za a iya kai wa alƙali ya tabbatar da shi.

Idan kuma motar ta matsa maka, kana iya biyan cikon ka rubuta a rasit cewa ka biya ne ba tare da ka yarda da aikin ba, ka karɓi motarka, ka bi haƙƙinka daga baya. Kafin ta bar garejin ka ɗauki hoton inda tayar ke goga, kuma kada ka ba wani ya taɓa fendojin sai wanda kuka amince da shi ya gani. Ka kuma nemo tsofaffin hotunan motar, da shaidar kuɗin da ka tura, da duk saƙon murya na WhatsApp da kuka yi kafin ya fara aiki, ka kai wa lauyan da zai zauna da kai ya saurare su.