Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Kazan: yadda Rashawa ke cewa "ina da" da "nawa ne"

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na yi farin ciki da jin cewa takardar gayyatarka ta fito, za ka yi shekarar share fage a nan birnin Kazan na ƙasar Rasha kafin ka shiga karatun likita. Allah ya sanya albarka. Ka ce kana koyon Rashanci da wata manhajar waya mai yin bayani da Turanci, ka duba ƙamus ka ga imet (иметь) ce kalmar mallaka, amma ba ka taɓa jin wani Barashe ya ce "ya imeyu" a bidiyo ba, kullum sai "u menya yest". Ka kuma tambayi dalilin da ya sa "nawa" ke fitowa da kama huɗu, da kuma amfanin kalmar svoy.

Shawarata ta farko ita ce, a wannan babin ka ajiye Turanci gefe. Shi ne yake rikita ka. Bature yana da aikatau guda na mallaka, shi ya sa mai koyo ta hanyarsa yake ta neman takwaransa a Rashanci. Kai kuwa Bahaushe ne, kuma tun kana yaro kake faɗin irin jimlar da Rashawa ke faɗi. In an tambaye ka canji ka ce "akwai a wurina". In ana zancen attajiri a ce "kuɗi gare shi". To, У меня есть ke nan daidai: u tana nufin "a wurin", menya "ni", yest "akwai". U menya yest kniga, akwai littafi a wurina. In ka tuna darasin Islamiyya, indi kitabun ma haka take. Littafin ne jigon jimlar, kai wurin da yake ne kawai. Da zarar wannan ya zauna maka, rabin wahalar ta wuce.

Ka haddace jerin nan kamar karatun allo: u menya, u tebya, u nevo, u neyo, u nas, u vas, u nikh. Wato a wurina, a wurinka ko wurinki, a wurinsa, a wurinta, a wurinmu, a wurinku, a wurinsu. Nevo ana rubuta ta него, da harafin г, amma v ake furtawa. Kuma u vas ita ce ta girmamawa ko da mutum ɗaya ne, kamar yadda muke ce wa dattijo "kun tashi lafiya". Malami, likita, ɗan sanda, tsohuwar da ke gadin ƙofar masauki, duk u vas za ka ce musu. Kada ka kuskura ka ce wa malama u tebya.

Inda Hausa za ta fara sakin hannunka shi ne wajen korewa. Mu muna cewa "akwai littafi", "babu littafi", littafin bai motsa ba. Su kuma babunsu ita ce nyet (нет), amma da ta shigo sai ƙarshen sunan ya canza. U menya yest kniga ta koma u menya nyet knigi. Brat, ɗan'uwa, ya koma nyet brata. Pasport ya koma nyet pasporta. Vremya, lokaci, ta koma nyet vremeni, dengi kuma, kuɗi, ta koma nyet deneg. Wannan canjin shi ake kira roditelniy padej, ɗaya daga cikin yanayi 6 da sunan Rashanci ke shiga. In ka yi nahawun Larabci ka san rafa'u da nasabu da jarru, wasalin ƙarshe yana sauyawa gwargwadon aikin kalma a jimla. Abin ke nan, sai dai Larabci 3 ne da shi, Rashanci ya ninka. Ina roƙonka ka ba wannan yanayin lokaci fiye da sauran, domin shi za ka fi amfani da shi a watanninka na farko. A kanti mai karɓar kuɗi za ta tambaye ka katin shago, a ofishin ɗaliban waje za a tambaye ka inshora, kuma amsarka sau da yawa "babu" ce. Tatarawan Kazan ma, a nasu harshen, bar da yuk suke cewa, akwai da babu, za ka ji su a kasuwa da bakin masallaci.

Lokacin da ya shuɗe yana da nasa tarko. Tunda abin da aka mallaka ne jigon jimla, aikatau shi yake bi, ba mai abin ba. U menya bil pasport, wato a da ina da fasfo, u menya bila viza, u menya bilo vremya, u menya bili dengi. Ko namiji ne ke magana ko mace, biza dai bila ce. Amma in za ka kore, kama ɗaya ce tak: ne bilo, sai sunan ya shiga roditelniy. U menya ne bilo vizi, ban da biza a lokacin. Na gaba kuwa budet ne da budut: zavtra u nas budet ekzamen, gobe muna da jarrabawa.

Yanzu ga abin da manhajoji ba su cika bayyanawa da kyau ba, kuma ya shafe ka kai tsaye a matsayin mai son zama likita. Ba kullum ake saka yest ba. Ana saka ta in tambayar ita ce ko abu yana nan ko ba ya nan. In kuwa an san yana nan, siffarsa ake zance, sai a jefar da ita. U tebya yest telefon? Kana da waya? Amsa: yest. Amma u menya noviy telefon tana nufin wayata sabuwa ce, ba wanda ya yi shakkar kana da ita. Shi ya sa ba a saka yest a zancen sassan jiki da yanayin rashin lafiya. U neyo dlinniye volosi, gashinta dogo ne. U menya temperatura, ina da zazzaɓi. U menya bolit golova, kaina yana ciwo, kuma ka lura a nan ma kan ne ke yin ciwon, kamar a Hausa. In haƙora ne da yawa sai ka ce bolyat zubi. Ranar da za a fara kai ku asibiti ku tsaya gaban marasa lafiya, tambayar farko da za ta fito daga bakinka ita ce shto u vas bolit, me ke muku ciwo. Ta biyu kuma u vas yest allergiya, a nan yest ta dawo domin ba ka sani ba ko akwai ko babu. Marar lafiya Barashe, musamman tsoho, zai saki jiki da ɗalibi baƙar fata in ya ji waɗannan jimlolin sun fito daidai, kuma wannan sakin jikin shi ne zai sa ya gaya maka gaskiyar ciwonsa.

Wuri ɗaya da Hausa za ta yaudare ka shi ne shekaru. Mu muna cewa "ina da shekara 20". Barashe ba ya mallakar shekaru, sai ya ce mne dvadsat let, wato "gare ni" da wani yanayin daban. Ka riƙe ta yadda take. Haka zancen 'yan'uwa, wanda tabbas za a tambaye ka a aji a makon farko, kuma malamai kan yi mamakin girman gidajenmu. Daga 2 zuwa 4 ana cewa dva brata, tri sestri. Daga 5 zuwa sama kuma pyat bratyev, shest sestyor. Ba su da kalma dabam ta wa da ƙane, sai a ƙara starshiy ko mladshiy a gaban brat.

Tambayarka ta biyu ta fi sauƙi fiye da yadda kake tsoro. Me ya sa kake cewa gidana amma motata, nawa ne amma tawa ce? Domin jinsin abin ne ke zaɓar kalmar mallaka. Rashanci ma haka: moy pasport, moya viza, moi dokumenti. Ta huɗun, moyo, ta jinsi na uku ce, wanda ba namiji ba ne ba mace ba, kamar imya, suna, da okno, taga. Bature ne wannan ke ba wa wahala domin ba shi da shi sam. Abin da za ka kiyaye kawai shi ne jinsin kalma a Hausa ba lalle ya zo ɗaya da na Rashanci ba. Gida da dom duk maza ne, mota da mashina duk mata, amma littafi namiji ne a wurinmu, kniga kuwa mace, haka ruwa da voda. Ka dubi ƙarshen kalmar: mai ƙarewa da baƙi yawanci namiji ce, mai a ko ya mace, mai o ko e ta ukun. Imya da vremya suna cikin 'yan tsirarun da suka saɓa, haddace su ake yi. Tvoy, nash da vash duk suna bin wannan tsari. Yevo, yeyo da ikh, nasa, nata, nasu, su kam ba sa canzawa ko kaɗan, hutu ne. Sai dai ka bambanta u nevo yest, yana da, da u yevo brata yest, ɗan'uwansa yana da. A ta biyu babu n, domin yevo ɗin ta mallaka ce.

Haɗa suna da suna ma jerinsa irin namu ne, abin ya fara zuwa sannan mai shi. Ɗakin aboki, komnata druga. Gidan uba, dom otsa. Bambancin shi ne mu muna liƙa n ko r a jikin abin, su kuma mai abin suke canza wa ƙarshe. Tambayar "na wa ne" ita ce chey, chya, chyo, chyi, ita ma tana bin jinsi kamar "na wa" da "ta wa". A cikin gida kuma za ka ji mamin telefon, papina mashina, wayar mama, motar baba.

Svoy ce babu kamarta a Hausa, don haka a nan zan ɗan tsaya. In na ce maka "Audu ya ɗauki fasfonsa", ba ka san ko na Audun ne ko na wani da muka ambata ɗazu ba, sai yanayin zancen ya nuna. Rashanci bai bar wannan ƙofar a buɗe ba. On vzyal svoy pasport, ya ɗauki nasa na kansa. On vzyal yevo pasport, ya ɗauki na wani mutum. Svoy tana komawa ga mai aikata aikin a jimlar. In kai ne ke magana a kan kanka, ko moy ka ce ko svoy za a fahimce ka. Amma a zancen shi, ita, ko su, kuskuren harafi kaɗan yana juya magana gaba ɗaya. Ka yi tunanin kana ba da shaida a ofishin shugaban masauki a kan wayar da ta ɓata, kana so ka ce abokin ɗakinka ya ɗauki wayarsa ya fita. In ka ce yevo maimakon svoy, ka jefa bawan Allah cikin zargin sata ba tare da ka nufa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga baƙo a ƙasar mutane. Ka kuma sani svoy ba ta zama a kan mai aikin kansa: ɗan'uwansa ya iso, yevo brat priyekhal ake cewa.

Ita imet da ka gani a ƙamus tana nan da ranta, amma gidanta takardun hukuma ne da abubuwan da ba a taɓawa da hannu. Imet pravo, samun haƙƙi ko izini. Ya imeyu v vidu, abin da nake nufi shi ne. Vi ne imeyete prava, ba ku da hurumin yin haka. Kada ka yi amfani da ita a kan mutum, musamman mace, domin a bakin titi tana ɗaukar ma'anar batsa. Mata, ƙanwa, aboki, duk u menya yest ne.

Akwai wani bambanci da nake so ka shigo da shi a kanka, tsakanin mai abu da wanda abu ke hannunsa. Klyuch u vakhtyora, makulli yana wurin mai gadi, ba wai nasa ba ne. Pasport u menya, fasfo yana wurina, kuma a wurinka ya kamata ya zauna, tare da katin shige da fice da ake ba ka a filin jirgi da takardar rajistar masauki. Ofishin jami'a kan karɓi fasfo don sabunta biza, wannan daidai ne, amma wani ɗan kamasho ko mai alkawarin aiki ba shi da hurumin riƙe shi, kuma duk takardar da ba ka gane abin da ke cikinta ba kada ka sa mata hannu. Doka ta ce a yi wa baƙo rajista cikin kwana 7 na aiki bayan isowa. In a obshejitiye kake, wato masaukin ɗalibai, jami'a ce ke yi. In wata rana ka kama haya a gari, a nan kalmar sobstvennik za ta yi maka rana, ita ce mamallaki a idon doka. Khozyain ko khozyayka mai gida ne a bakin jama'a, kuma wanda ya miƙa maka makulli yana iya zama ɗan haya ne shi ma. Ka tambaya kai tsaye, vi sobstvennik? Ka nemi ganin takardar da ake kira vipiska iz EGRN, wadda ke nuna sunan mai gidan, ka kuma tabbatar ya yarda zai yi maka rajista kafin ka ba da ko kwabo. In aka ce maka kvartira prinadlejit mame, gidan mallakar mahaifiyarsa ne, to da ita za a yi yarjejeniya.

A ƙarshen shekarar share fage, wadda ɗalibai ke kira podfak, ana sa ran ka kai matakin B1, wato matsakaicin mataki na iya harshe, kuma duk abin da na lissafa yana cikin watannin farko. Na rubuta maka kalmomin da boko don ka iya furtawa, amma ka zauna ka koyi haruffansu 33 kafin ka hau jirgi, mako ɗaya ya isa in ka dage. Sannan ka ɗauki abubuwan da ke cikin ɗakinka ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka faɗe shi da yest, da nyet, da bil ko bila, da moy ko moya, da babbar murya. Ka naɗa ka turo mini, zan saurara in gyara maka inda nauyin furuci ya kauce. Ka gaishe mini da su Baba da Inna, ka ce musu jaket da takalmin sanyi a nan za mu saya, kada su wahalar da kansu.