Kafin ka karɓi aikin, ka nemi ɗakin awo

Ɗana, ka tambaye ni yadda ake kusantar manya a sana'ar nan ta sarrafa ƙarfe da inji ba tare da an ɗauke ka maroƙi ba, da yadda za ka zaɓa tsakanin masana'antu biyun da suka kira ka. Bari in fara da ta biyun, ita ta fi nauyi.

Ranar da za su zagaya da kai, kada ƙyallin sabbin injinan CNC (masu yanka ƙarfe bisa umarnin kwamfuta) ya ɗauke maka hankali. Ka ce a nuna maka ɗakin awo. A zafin digiri 20 aka tsayar da awon ƙarfe a duk duniya, domin sandar ƙarfe mai milimita 100 idan zafinta ya ƙaru da digiri 10 takan miƙe da kusan maikiron 12 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). In zanen aikin ya yarda da kuskuren maikiron 10 kacal, ka ga zafi kaɗai ya cinye shi. Inda ake auna irin wannan kaya a gindin inji, da ɗuminsa, hannunka zai saba da abin da zai yi wuyar bari. Duba takardar da aka manna wa maikiromita, wato ma'aunin kaurin ƙarfe: yaushe aka daidaita shi, yaushe wa'adin zai cika? Sai ka tambayi inda ake ajiye kayan da suka lalace. In da akwatinsu daban, kowanne da alamar dalilin lalacewarsa, za ka koyi aiki a nan. In suka ce su ba sa ɓata kaya, ɓoyewa ake yi, kuma ran da asiri ya tonu kan sabon shiga zai faɗa.

Takardar shaidar ingancin tsarin aiki ta ISO 9001 a bango tana da kyau, AS9100 ta masu kayan jirgin sama ta fi tsauri. Amma tambayar da ta fi su ita ce: wa ke saita inji, wa ke rubuta masa umarni? Shekara biyu kana danna koren maɓalli, ko albashin ya fi, ba za ka fito da komai ba.

Batun manya kuwa, ba a fara da neman aiki. Je da tambaya ɗaya takamaimiya, misali me ya sa bakin yanka ke karkarwa yana barin zane-zane a jikin kaya. In ya ce ka rage tsawon da bakin ya fito, ko ka sauya gudun juyawa, gwada, sannan ka koma masa da sakamako. Komawar nan ce ke sa a riƙe sunanka. Kada ka raina masu kawo bakunan yanka da masu gyaran inji. Suna shiga masana'antu da yawa, sun san inda ake koyarwa da inda ma'aikata ke gudu.

Don Allah kada ka ɗauki hoton zanen mai kaya ka sa a intanet don nuna gwaninta, amana ce. Haka nan ba a taɓa maikiromitan wani sai da izininsa. In ya ba ka aro, goge shi, ka bar bakinsa a ɗan buɗe, ka mayar cikin akwatinsa a gabansa.