Ka fara da katako, inji ya biyo baya

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ka yi shekara huɗu a gaban maigidanka, yanzu ka samu ɗan jari kana son buɗe naka shagon, ka riƙa yin tebura da kujeru da ƙananan kayan ado, kana neman shawara ko injin yanka za ka fara saya ko katako. Allah ya sanya albarka. Na haura shekara ashirin a wannan sana'a, kuma amsata ita ce katako. Inji ranar da ka saye shi ranar zai kama aiki. Katako kuwa sai ya yi watanni a ajiye kafin ya cancanci ka sa masa zarto.

A shekarata ta biyu da buɗe shago wani dattijo ya ba ni aikin kayan ɗakin 'yarsa: gado, madubi da teburin cin abinci. Watan Agusta ne, damina ta zauna. Na je 'Yan Katako na Na'ibawa a nan Kano na ɗauko katakon da bai jima da sauka daga mota ba, a makon na fara aiki. Na ji nauyinsa a hannu, na ji sanyinsa, amma ranar biki ta matso sai na rufe ido. Kaya suka yi kyau, kowa ya yaba. Da hunturu ya kama a Disamba, saman teburin ya tsage tun daga wannan baki har tsakiya, yatsa na shiga. Dattijon bai yi mini faɗa ba. Kirana ya yi, ya nuna mini, ya yi shiru. Na sake teburin da kuɗina, amma har yau shirun nan bai bar ni ba.

Dalilin shi ne yawancin katakon da muke aiki da shi, irin su loko da afara da mansoniya, daga kurmi yake zuwa, inda iska ke da laima kusan duk shekara. Mu kuwa a nan idan hunturu ya tsananta laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Katako na shan ruwa daga iska, yana kuma mayar mata. Idan ya bushe ta faɗinsa yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Ka ɗaure shi da ƙusa ta ko'ina, ya rasa inda zai ja, sai ya tsage.

Saboda haka ka ware lungu guda a shagon, ko rumfa mai inuwa da iska ke ratsawa. Ka ɗaga katakon daga ƙasa a kan bulo saboda gara. Tsakanin kowane falle da na samansa ka jera siraran itatuwa, tazarar kamar ƙafa biyu, kowanne daidai kan na ƙasansa, ka ɗora nauyi a sama don kada ya karkace. Bakunan biyu ka shafe su da fenti ko narkakken kyandir, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsagewa ke farawa. Kada ka baza shi a rana don gaggawa. Waje zai bushe, ciki na jiƙe.

Akwai 'yar na'urar auna laimar katako, in ka samu ka nemi kashi 8 zuwa 10. In babu, ka yi yadda nake yi tun da: ka yanki guntu, ka ɗora a sikeli duk Juma'a, ka rubuta nauyin a jikinsa da fensir. Ranar da ya yi mako uku nauyin bai ragu ba, katakonka ya nuna. Ko bayan ya bushe, idan za ka ɗaura saman tebur, ka ɗan tsawaita ramin sukurun ta gefe, yadda katakon zai samu wurin motsi da damina.

Batun inji kada ya dame ka yanzu. A kasuwar katako akwai masu injin tsagawa da na gogewa, ka biya su a kan kowane falle. Ga matsalar wuta, inji kuma zai ja maka sayen janareto da mai. Zarto mai kaifi, guduma, sukwaya ta gaskiya ta auna kusurwa, matsa guda huɗu na damƙe katako da gam mai kyau sun ishe ka shekarar farko.

Kayan adon da ka ambata su ne za su riƙe ka kafin babban katakon ya bushe. Guntayen da manyan shaguna ke zubarwa sun riga sun bushe, kuma da arha za a ba ka su. Da su nake yin firam ɗin madubi, tire, akwatin turare da abin ɗora Alƙur'ani. In ka ci karo da guntun madobiya ka riƙe shi da kyau, don yanzu ta yi wuya. Sarar da aka yi mata a Afirka ta Yamma, har da Taraba, ana kai wa Sin ta sa tun 2017 aka ƙuntata cinikinta tsakanin ƙasashe. Maɗaci ma yana ɗaukar gogewa, ya ba ka ja mai kyau ko da mai kawai ka shafa.

Ka sayi takunkumi tun ranar farko. Ƙurar mansoniya na ƙona hanci, wani har haɓo take sa shi, ta MDF kuma, wato allon da ake yi da garin katako da gam, ta fi ta laushi, tana shiga ƙirji. Ina da abokin sana'a da tari ya raba shi da aiki tun bai kai hamsin ba.

In za ka je sayen katakon, ka roƙi maigidanka ya raka ka karon farko, ka kuma ɗaga kowane falle da hannunka kafin a loda.