Amsa ga mai tambaya kan bulubari da ganyensa ke komawa rawaya

'Yar'uwa, kin ce kin dasa bulubari, itacen nan mai ƙananan 'ya'ya shuɗaye da ake ci, a bayan gida, ganye na ta komawa rawaya, itacen ya tsaya cak, kina tambaya ko zafin rana ne. Gaskiya ni ba zan fara zargin rana ba. Je ki duba ganyen da kyau, in dai ya yi rawaya amma jijiyoyinsa na nan kore shar, to ƙasarki ce ba ta da tsami. Shi wannan itace sai ƙasa mai tsami, pH (ma'aunin tsami, yawan lambarsa ƙarancin tsami ne) tsakanin 4.5 zuwa 5.5, da zarar lambar ta haura haka saiwar ba ta iya jan sinadarin ƙarfe ko da yana nan jibge a ƙasar, ki yi ta zuba taki a banza.

Shi ya sa na daɗe da daina wahalar da kaina da ƙasar fili, a tukunya nake shuka nawa. Babbar roba mai huji da yawa a gindi, in haɗa fit mos (ruɓaɓɓen gansakuka mai tsami) da ɓawon itacen fain da aka daddatsa, in babu fit mos garin ɓawon kwakwa ma yana yi amma sai an ƙara masa farar wuta kaɗan. Ita farar wuta ba yau-yau take aiki ba fa, watanni take ɗauka, kar ki ga shiru ki ƙara ninkawa.

Sai ruwa, nan ne mutane da yawa ke faɗuwa ba su sani ba. Ruwan rijiya ko na burtsatse in mai nauyi ne, wato mai yawan sinadarin alli, a hankali yake kashe tsamin da kika sha wahala kika haɗa, ni dai ruwan sama nake tarawa, kuma ina auna pH ɗin lokaci-lokaci da ɗan abin awo. Saiwarsa siririya ce kamar gashi, a sama-sama take, ba ta jure bushewa kuma ba ta jure kwanciyar ruwa, don haka ki rufe saman tukunyar da ɓawon itace, kar ki yi ta tona gindin. Toka da kashin kaji kuwa don Allah ki nisanta su da shi, takin amoniyam salfet ne nasa, shi ma ɗan kaɗan.

Baki faɗi wane iri kika saya ba, kuma wannan babbar magana ce. Irin ƙasashen sanyi yana buƙatar awa 800 zuwa 1000 na sanyin ƙasa da digiri 7 kafin ya yi fure yadda ya kamata, a wuri mai zafi sai dai ki yi ta kallon ganye. Ki nemi irin da ba ya buƙatar sanyi da yawa, kamar Biloxi, Sunshine Blue, Emerald ko Misty. Biloxi ɗin ma ana noma shi sosai a Meziko da Peru, ni shi na fi yarda da shi. Iri biyu kusa da juna sun fi ba da 'ya'ya.

Ranar safe ki bar shi ya sha, ta azahar zuwa la'asar ki sama masa inuwa, musamman in robar baƙa ce don dafa saiwa take yi. Furen shekarar farko ki cire, na san da ciwo amma itacen zai fi ƙarfi. In 'ya'yan suka yi shuɗi kar ki yi saurin tsinka, ki ƙara musu 'yan kwanaki su yi zaƙi, sai dai ki sa raga tun da wuri don tsuntsaye ba sa jiran kowa. Yanzu dai fara auna ƙasar da ruwan ki turo mana abin da ya nuna.