Filin Tambaya da Amsa: Hadda Ba Ta Fitar da Ɗalibi a Insha'i

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a wata makarantar sakandare a nan Sakkwato. Malaminmu ya ce kafin mu zana jarabawar WAEC da NECO dole mu ƙware a rubutu iri uku: ƙagaggen labari, rubutun shawo kan mai karatu, da sharhin littafi. Ni dai haddace samfurin insha'i nake yi daga littattafan da ake sayarwa, amma da zarar an sauya tambaya sai kaina ya ɗaure. Ta ina zan fara?

Ɗaliba daga Mabera

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'a. Farkon abin da za ki yi shi ne ki jingine haddar nan, domin malamin da ke duba takardun jarabawa ya ci karo da wannan samfurin sau da yawa kafin ya iso kan taki, kuma yana gane shi tun daga layin farko. A takardar Ingilishi ta WAEC ana son insha'i mai kalmomi kamar 450, makinsa 50, kuma 20 daga ciki na kan yadda ɗalibi ya sarrafa harshe ne. Sauran an raba su goma-goma tsakanin ƙunshiya, tsari, da kiyaye ƙa'idojin rubutu. Wanda bai saba gina jimla da kansa ba, a nan yake yin asara mafi girma.

Game da ƙagaggen labari, ki ware ɗan littafi guda, kullum bayan la'asar ki rubuta abu ɗaya da idonki ya gani a ranar, ko da layi goma ne. Idan kin bi ta Kasuwar Kara ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, kada ki tsaya a kan cewa kasuwa ta cika maƙil, domin kowa zai iya faɗin haka yana kwance a ɗaki. Ki nuna mana dillalin da ya buɗe bakin rago yana gwada wa mai saye haƙoransa, da yadda mai ragon ya kau da kai ya ce albarka, da yaron da ke jan igiyar rigar mahaifinsa saboda shi wancan mai baƙin wuyan yake so. Daga nan ma labari ya samu, tunda ga mai son abu, ga kuma abin da ya tare masa hanya, wato kuɗin da ke aljihun uban. Roƙona ɗaya, kada ki rufe labarinki da "sai na farka, ashe mafarki nake yi". Wannan dabarar ta tsufa, kuma alama ce ta cewa marubuci ya rasa yadda zai warware ƙullin da ya ɗaura.

Rubutun shawo kan mai karatu shi ne ya fi ba ɗalibai wahala, saboda sun ɗauka yawan karin magana da ɗaga murya su ne hujja. Ki zaɓi batun da ya shafe ki, misali ko ya dace a riƙa tashin makaranta da wuri a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40. Ki bayyana matsayinki a sakin layi na farko, ki kawo dalilan da za a iya tabbatarwa, sa'an nan ki ɗauko hujja mafi ƙarfi ta masu ja da ke, wato cewa rage awanni zai hana a kammala manhaja kafin jarabawa, ki amsa ta da adalci. Wannan salon ba baƙo ba ne a garinki. Muhammadu Bello, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1817, ya yi musayar wasiƙu da Shehu al-Kanemi na Barno a kan halaccin jihadi, kuma a littafinsa Infaƙul Maisuri ya kawo maganganun abokin muhawararsa kafin ya mayar da martani.

Shi kuwa sharhi, kuskuren da ya fi yawa shi ne mayar da shi taƙaitaccen labari. Sunan littafi da marubucinsa da abin da ya ƙunsa, layi huɗu ko biyar sun ishe su. Ragowar shafin hukuncinki ne: wane tauraro ne ya yi kama da mutumin gaske, ina labarin ya yi sanyi, kuma a wane shafi za a ga shaidar abin da kika faɗa. Kina iya gwada hannu a kan wasan kwaikwayon rediyo ko fim ɗin Hausa da kika kalla.

Duk abin da kika rubuta, ki karanta shi da babbar murya, inda numfashinki ya ƙare jimlar na bukatar aya. Ki kuma samu ƙawa ɗaya ku riƙa musayar littafi duk mako, ta ja layi ƙarƙashin wurin da ba ta gane ba. Idan da Hausa kike rubutun, ta duba miki ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ, da raba kalmomi irin su "shi ne" da "ita ce", domin a nan ma maki yana zubewa.