Jan P da koren P: dokar sabon direba a nan Sidni

Alhaji, barka da war haka. Ka tambaya me ya sa yaron da ka turo karatu Ostireliya ba ya ɗaga waya in yana hanya, me ya sa kuma ya ƙi kwaso ƙannen abokansa daga wurin walima da daddare alhali motarsa na da wuri. Ba raini ba ne, ba kuma rowa ba. Lasisin da ke hannunsa na wucin gadi ne, kuma sharuɗɗansa sun fi na cikakken direba tsauri nesa ba kusa ba. Za mu yi bayanin yadda abin yake a jihar New South Wales, inda Sidni take, don kowace jiha da nata tsarin.

Kafin yaro ya kai ga wannan lasisi ya riga ya sha hanya. Yana iya karɓar takardar koyo yana da shekara 16, bayan ya ci jarrabawar dokokin hanya a kwamfuta. Wanda bai kai shekara 25 ba sai ya riƙe ta wata 12, ya tara awa 120 na tuƙi da mai cikakken lasisi a gefensa, 20 daga ciki da dare, ana rubuta kowace fita. Sai jarrabawar hango haɗari, sannan gwajin tuƙi a titi. In ya ci, a ba shi matakin farko, wato jan P. Allo ne ƙarami fari mai jan harafi, ɗaya a gaban mota ɗaya a baya, kuma dole su kasance a waje inda za a gan su sarai. Wanda ya jingina shi a cikin gilashi, ko lambar mota ta rufe rabin harafin, ya yi laifi.

Mai jan P ba ya wuce kilomita 90 a awa, ko da allon babbar hanya ya ce 110. Zai zauna a wannan mataki aƙalla wata 12, sannan ya koma koren P na aƙalla wata 24, inda iyakarsa ta zama 100. In a mota otomatik ya yi gwaji, ba zai tuƙa mai giyar hannu shi kaɗai ba sai ya bar jan P. An hana shi motoci masu ƙarfin inji fiye da kima, an hana shi zama gefen mai koyo a matsayin malami, kuma barasa a jininsa dole ta zama sifili. Wannan na ƙarshe yawancinmu muna ganin bai shafe mu ba, amma akwai maganin tari da ruwan kurkurar baki masu ɗauke da barasa, ga shi 'yan sanda na tsayar da kowa su ce ya hura na'ura ba tare da ya yi laifin komai ba. Shi ya sa muke ce wa yara su duba jikin kwalba.

Abin da ya fi muhimmanci ka gane, Alhaji, shi ne lissafin maki. Kowane laifin hanya yana da tarar kuɗi, yana kuma da makin da ake rubuta wa mutum. Mai cikakken lasisi sai ya tara 13 cikin shekara 3 ake dakatar da shi. Mai koren P, 7. Mai jan P kuwa 4 kacal, kuma da ya kai su an karɓe lasisin na wata 3. To laifin taɓa waya shi kaɗai maki 5 ne. Ka ga kenan kira ɗaya daga gida ya isa ya sauke yaro daga mota. Kuma ga mai P babu sassaucin da aka yi wa manya: ba ya magana ta sifikar mota, ba ya sa karatu ko waƙa daga wayar, ba ya bin taswirar cikinta ko da an kafe ta a mariƙi. Tsayuwa a danja ko cikin cunkoso ba fakin ba ne. Sai ya fita daga layin motoci ya faka tukuna. Tun ƙarshen 2019 jihar ta kafa kyamarori da ke leƙa cikin mota daga sama, suna ɗaukar hoton hannu da cinya, dare da rana.

Gudu ma haka. Mai jan P da aka kama ya wuce ƙa'ida, ko da kaɗan ne, zai sha maki 4 aƙalla, wato dakatarwa kai tsaye. Inda aka fi faɗawa shi ne gaban makarantu, domin iyakar tana sauka zuwa 40 daga ƙarfe 8 zuwa 9 da rabi na safe, da kuma 2 da rabi zuwa 4 na yamma a ranakun karatu. A lokutan hutun Kirsimeti da Ista da dogayen ƙarshen mako kuma ana ninka makin gudu da na waya da na rashin ɗaura bel. In kyamara ce ta kama laifin, babu jami'in da za ka roƙa a bakin titi, takarda ce kawai za ta iso gida da sunan mai motar. In ɗa ne ya yi laifin a motar uba, doka ta ce uban ya bayyana wanda ke tuƙi. Wasu iyaye kan so su ɗauke wa yaro makin don tausayi. Muna hana wannan da babbar murya, saboda shaidar ƙarya ce a gaban hukuma, kuma hukuncinta ya fi na asalin laifin muni.

Batun fasinja shi ya fi taɓa zamanmu na jama'a. Mai jan P da bai kai shekara 25 ba, daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba, ba zai ɗauki fiye da mutum ɗaya ɗan ƙasa da shekara 21 ba, sai in ya nemi izini na musamman an ba shi. Dalilin a fili yake: sabon hannu, ga duhu, ga barci, ga samari cike da mota ana hira da dariya. Mu kuwa lokacin nan ne na tashi daga biki, na tahajjud a goman ƙarshe, na sammakon asuba a watannin da alfijir ke ketowa da wuri. Don haka in za a yi taro, tun da rana ake raba wa zai ɗauki wa. Yara ƙanana su bi manya, mai jan P a ba shi dattawa ko ya tafi da mutum ɗaya. Ɗora yaro a cinya ko cusa mutum na shida a motar mutum biyar babu shi sam, kowa da kujerarsa da bel ɗinsa, jarirai kuma da kujerarsu ta musamman.

Ka kuma tambaya ko lasisin gida yana da amfani. Yana da shi, amma wanda ya zo da na Najeriya ko Nijar sai ya sake jarrabawar kwamfuta da gwajin titi. In ya ci, ana duba tsawon lokacin da ya riƙe na gida: ƙasa da shekara ɗaya jan P, daga shekara ɗaya zuwa ƙasa da uku koren P, uku ko fiye cikakke. Saboda haka a taho da shaidar ranar da aka fara ba da lasisin, ba ranar sabuntawa kawai ba, in ba haka ba dattijo mai shekara 20 a kan sitiyari zai iya tsintar kansa da allon P. Kuma kada ya shiga gwajin da gadarar ya iya mota. A nan hannun hagu ake bi, mai gwaji yana lura da ko ka juya kai ka duba gefe kafin ka canza layi, da ko ƙafafun mota sun tsaya cik a alamar tsayawa. Wanda ya faɗi gwajin, daga ranar ba zai ƙara tuƙi da lasisin gida ba, sai ya koma takardar koyo har ya ci.